Yadda Ake Gwada Lanƙwasar Fiffiken Tauraron Ɗan'adam da Sandar Labule a Ranar Sakkwato

Duk wanda ya kwanta ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ya san ƙarar nan, ƙas, ƙas, da kwano ke yi idan gajimare ya gifta ya wuce. Ƙarfe ne ke miƙewa da tsukewa yana gogar ƙusa. Tauraron ɗan'adam da ke kewaya duniya a ƙasa-ƙasa yana shan irin wannan sau 15 a kowace rana: ya kammala zagaye cikin minti 95 ko kusa da haka, kusan minti 35 daga ciki yana cikin inuwar duniya, sai kwatsam ya faɗo cikin rana mai ƙarfin wat 1361 a kan kowace murabba'in mita. Fiffiken da ke ɗauke da farantan sola yakan lanƙwashe, ya ja jikin tauraron, saitin kyamara ko eriya ya goce.

Madubin hangen nesa na Hubble shi ne misalin da kowa ke kawowa. An harba shi a Afrilun 1990, an tsara shi ya riƙe saiti ba tare da gocewar da ta wuce 0.007 na daƙiƙar kusurwa ba. Digiri ɗaya yana da daƙiƙar kusurwa 3600, don haka wannan tamkar ka riƙe ido a kan ɗigo mai faɗin milimita 1 ne daga nisan kusan kilomita 30. Fukafukansa na farko masu naɗewa ne kamar tabarma, siraran sandunan ƙarfe ke miƙe su, kuma duk shiga inuwa da fita sai sun kaɗa shi. Sai a Disamban 1993 'yan sama jannati suka sauya su.

Ana iya ganin wannan da ido, a auna shi, a kuma gwada maganinsa a tsakar gida ko harabar makaranta. Rana muna da ita har ta yi yawa.

Kayan aiki

Sandar labule ta ƙarfen silba (ƙarfen da ba ya tsatsa) mai rami, faɗin milimita 25, kaurin bango kamar rabin milimita, tsawon mita 1.7. Ka tafi kasuwa da maganaɗisu a aljihu. Idan ya kama sandar gam, baƙin ƙarfe ne aka shafe da ƙyalli. Idan bai kama ba ko ya kama sama-sama, ita kake nema, muddin ba ta alminiyam ba ce. Don gwaji na biyu (mataki na 8) ka ƙara guda biyu masu tsawon mita 1.1.
Baƙin fenti na feshi marar ƙyalli.
Ƙaramar tocilan leza, ja, irin ta nuni.
Abin matse ƙarfe na masu walda a kan teburi mai nauyi, ko katako biyu da noti huɗu.
Takarda mai layukan milimita, ko farar takarda da rula.
Babban kwali mai tsawon mita 2 da zai yi inuwa.
Mita mai wayar auna zafi, irin ta masu gyaran firji. Biyu sun fi ɗaya.
Takardar alminiyam ta naɗe abinci, gidan sauro da ya tsufa, salatif, zaren roba.
Wayar hannu mai ɗaukar bidiyo.
Na gwaji na biyu: igiyar fatsa mai kaurin rabin milimita, guntun katako, ɗan madubi, gorar ruwa biyu ta rabin lita, da fitilar halojin biyu mai wat 500.

Kada ka sayi bututun alminiyam don ganin ya fi sauƙin nauyi. Alminiyam yana miƙewa fiye da silba, gaskiya ne, amma yana watsa zafi a jikinsa fiye da silba sau goma da ɗoriya, saboda haka gefen rana da gefen inuwa sukan kusa daidaita, bambancin kusan digiri 1 ne kawai, sandar kuma ta ƙi motsi. Wannan kansa darasi ne, za mu dawo kansa.

1. Shirya sanda

Goge ta da sanfefa mai laushi, ka wanke maiƙo da fetur kaɗan, ka fesa fenti siriri sau biyu. Fenti mai kauri yana jinkirta shigar zafi. Bar ta kwana ɗaya ta bushe. Santimita 20 na ƙarshe ɗaya kada ka fesa, nan za a matse. Ka tura guntun itace cikin ramin wannan ƙarshen don kada matsewa ta lotsa bututun.

2. Kafa ta

Matse sandar a kwance, mita 1.5 a sake cikin iska, tana kallon arewa ko kudu domin rana ta bugi tsawonta duka daidai. Ɗaure leza a bakin sandar da zaren roba, haskenta na bin layin sandar, ka naɗe ta da takardar alminiyam don kada ta gasu. Haska ɗigon zuwa cikin zaure ko ɗaki mai duhu, mita 5 daga bakin sandar, a nan za ka manna takardar layuka a bango. In babu ɗaki kusa, saka takardar a cikin kwali mai zurfi da bakinsa ke kallon sandar.

A nan masu farawa suka fi faɗuwa. Teburin da abin matsewar su ma suna jin rana. In ka bar su a fili, su za su motsa ɗigon, kai kuma ka rubuta cewa sanda ce. Rufe su da tabarma tun daga farko har ƙarshe, kuma kada kowa ya jingina da teburin. Ka gargaɗi yara kada su sa ido a hanyar hasken leza.

3. Zaɓi lokaci

Tsakanin ƙarfe 11 da rabi na safe da ƙarfe 2 na rana, lokacin da rana ke bisa kai. Bazara ta fi, Maris zuwa Mayu, ranar da sama ta washe. Hazon hunturu yana watsa haske ya zo ta kowane gefe, iskarsa kuma tana shafe bambancin zafin, sai sakamako ya fito rabi. Ranar da ganyen dogonyaro ke kaɗawa sosai, ka bari sai gobe, ko ka yi a lungun da katanga ta kare.

4. Yi lissafi kafin ka buɗe kwali

Sai ka san abin da kake jira sannan gwaji ke da amfani. Zafin sandar gaba ɗaya ba shi ke lanƙwasa ta ba. Da za ta yi zafi daidai ko'ina, tsawo kawai za ta ƙara. Bambanci tsakanin fuskar da ke kallon rana da wadda ke inuwa shi ne ke aikin. Fuskar sama ta fi ta ƙasa miƙewa, don haka bakin sandar ya sunkuya, yana gudun rana.

Kowane ƙarfe yana da adadin miƙewarsa a kan kowane digiri: silba kusan kashi 17 cikin miliyan, baƙin ƙarfe 12, alminiyam 23. Ga lissafin:

Kusurwar baki = adadin miƙewa × bambancin zafi × tsawo ÷ faɗin bututu.
Saukar baki = wannan kusurwar × rabin tsawo.

Da bambancin digiri 10, wanda irin wannan bututu kan bayar a rana mai kyau: 0.000017 × 10 × 1.5 ÷ 0.025 = 0.0102. Saukar baki kuwa 0.0102 × 0.75, wato kusan milimita 7.6. Ɗigon da ke mita 5 zai sauka 0.0102 × 5000, milimita 51, a haɗa da 7.6, kusan santimita 6. Lura da yadda tsawo ke shiga saukar baki sau biyu. Ninka tsawon sanda biyu, saukar ta ninku huɗu. Abin da ya sa dogayen fukafukai ke ba injiniyoyi ciwon kai ke nan.

5. Fitar da ita daga "inuwar duniya"

Manna wayar auna zafi ɗaya a saman sandar, ɗaya a ƙasanta, a tsakiyar tsawo, da ɗan salatif ƙarami da ka shafa wa baƙin fenti. Bindigar auna zafi ta nesa ba ta da amfani a nan, idonta ya fi bututun faɗi. In waya ɗaya gare ka, yi gwajin sau biyu. In babu ko ɗaya, juya lissafin: daga saukar ɗigo ka fitar da bambancin zafi.

Mutum biyu su riƙe kwalin santimita 30 sama da sandar, ko a ɗora shi kan kujeru, na minti 10, har ɗigon ya tsaya cak. Sa alama. Kunna bidiyo a kan takardar, da agogo mai nuna daƙiƙa a gefe. Sai a zare kwalin gefe da sauri, cikin daƙiƙa ɗaya, ba tare da ya taɓa sandar ba. Kada a ɗaga shi sama kamar mafici, iskarsa za ta kaɗa komai.

Ɗigon zai fara gangarowa nan take, da sauri a farko, sannan ya lafa. Bar shi minti 5, a mayar da kwalin, ka ga ya hau. Maimaita sau uku aƙalla.

6. Fitar da lokacin zafi

Daga bidiyon rubuta matsayin ɗigo duk daƙiƙa 5. Nemo lokacin da ya ci kashi 63 cikin 100 na tafiyarsa. Wannan shi ne lokacin zafi na sandar, kuma ga bututu irin wannan yakan faɗi kusa da daƙiƙa 30.

Akwai abin da ya kamata ka tsaya ka nuna wa ɗalibai a nan. Bayan kamar minti ɗaya da rabi ɗigon ya kusa tsayawa, amma mita tana nuna sandar na ci gaba da ɗaukar zafi har minti biyar. Fuskokin biyu suna hawa tare, tazarar da ke tsakaninsu ta riga ta zauna. Haka yake a sama. Farantin sola a ƙaramin falaki, wato kewayen da ke kusa da duniya, yakan sauka zuwa wajen digiri 70 ƙarƙashin sifili a inuwa, ya haura 80 a rana, kuma wannan hawan yana ɗaukar mintuna masu yawa, amma bugun da ke gigita saiti yana faruwa ne a minti na farko. Shiga inuwar duniya a ƙaramin falaki kuwa ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, kusan kamar zare kwalinka.

7. Me ya sa taka ba ta yi makyarkyata ba?

Za ka lura sandarka ta sunkuya lami lafiya, ba rawa. Ta Hubble kuwa ta yi rawa. Bambancin yana cikin gwama lokaci biyu, lokacin zafi da lokacin kaɗawa, abin da injiniya Bruno Boley ya fayyace tun 1956.

Ɗan taɓa bakin sandar ka saki, ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya, ka ƙirga kaɗawa nawa take yi a daƙiƙa. Za ka samu kusan 10, ko ƙasa kaɗan saboda nauyin leza. Ninka wannan da 6.28, ka ninka da lokacin zafi: 10 × 6.28 × 30, kusan 1900. Girman rawar da za ta hau kan lanƙwasar kusan kashi ɗaya ne cikin wannan adadin. Ɗaya cikin 1900 na milimita 7.6 ido ba ya gani.

Yanzu ɗauki fiffike dogo mai laushi da ke kaɗawa sau ɗaya a daƙiƙa 10, kamar yadda ɗaya daga cikin kaɗawar fukafukan Hubble na farko take. A ce lokacin zafinsa daƙiƙa 20 ne. 0.1 × 6.28 × 20 ya ba da kusan 12.6. Rawar ta zama kashi 8 cikin 100 na lanƙwasar: idan baki ya sauka santimita 10, zai yi ta kai da komowa na milimita 8. Babu iska a can da za ta kwantar da shi, don haka sai ya daɗe yana yi. Idan adadin ya kusanci 1, rawar takan kusa kai girman lanƙwasar kanta.

Ga kuma maƙalewa da suɓucewa a mahaɗai, irin ta kwanon rufi da ƙusa. Kana iya nuna ta: sassauta matsewar kaɗan, ko ka jingina wata sanda ta riƙa gogar tsakiyar taka, za ka ga ɗigon na sauka da tsalle-tsalle maimakon sulɓi. Irin wannan tsalle ya fi wuyar magani, domin ba a san daƙiƙar da zai zo ba.

8. Nuna yadda fiffike ke juya jikin tauraro

Wannan ya fi wuya, yana son haƙuri, amma shi ne zuciyar maganar. A ƙasa teburi ya riƙe gindin sandar. A sama babu teburi. Idan bakin fiffike ya tafi hagu, dole jiki ya juya dama don jimillar juyi ta zauna yadda take.

Ɗaure sanduna biyun masu mita 1.1 a guntun katako, ɗaya dama ɗaya hagu a layi guda, kowace da mita 1 a sake, an fesa musu baƙi. Rataya gorar ruwa cike a bakin kowace, a ɗaure ta tamau kada ta yi lilo. Manna madubi a tsaye a tsakiyar katakon. Rataye duka da igiyar fatsa guda ɗaya mai tsawon mita 1 daga azara ko ƙugiyar fanka, a daidaita har ya kwanta. Igiya biyu za su riƙe shi su hana juyi. Bar shi ya kwana don murɗin igiyar ya warware.

A ɗaki rufe za a yi, fanka a kashe, taga a rufe, mutane a zaune. Ɗora leza a teburi, ta bugi madubi ta koma bango mai nisan mita 5. Madubi yana ninka kusurwa biyu, riba ce a gare ka. Ajiye fitilar halojin a gefen kowace sanda, a tsayi ɗaya da ita, nisan rabin mita, dukansu a ɓangare guda. Fitilar LED ba ta da zafin da ake bukata. Halojin kuwa tana ƙona hannu da kwali, kada a kusance ta.

Kafin ka kunna komai, kalli ɗigon minti 3 ka rubuta saurin da yake sulalewa da kansa, don ba ya taɓa tsayawa sarai. Wannan za ka cire daga sakamako. Sannan kunna fitila ɗaya kawai. Bakin sandar zai guji fitilar, katakon ya juyo wajenta. Da bambancin digiri 10, ɗigon kan matsa milimita 10 zuwa 15 cikin minti guda. Bari ya huce, sai ka kunna biyun tare: juyin zai ragu ƙwarai, domin fukafukan biyu suna soke juna. Dalilin da ya sa tauraro mai fiffike ɗaya ya fi shan wannan wahala ke nan. Tauraron UARS na Amurka da aka harba a 1991 fiffike ɗaya gare shi, kuma an ga wannan bugun a saitinsa a fitowar rana da faɗuwarta.

In babu wuta ko janareta, yi amfani da hantsin safe ta tagar gabas mai gilashi, a zare labule daga waje ko da igiya. Sanda ɗaya kawai za ta samu haske, amma ya isa nuna juyin.

9. Mayar da milimita zuwa ƙasa

Raba tafiyar ɗigo da nisan bango, ka raba biyu saboda madubi, ka ninka da 206,265, ka samu daƙiƙar kusurwa. Milimita 14 a mita 5 ya zama kusan 290. NigeriaSat-2, tauraron ɗaukar hoto na Nijeriya da aka harba a Agustan 2011, an sa shi kusan kilomita 700 sama kuma an tsara shi ya rarrabe abu mai faɗin mita 2.5. Daga wannan tsayi daƙiƙar kusurwa ɗaya tak mita 3.4 ce a ƙasa, ta fi ɗigon hoto guda. Taurarin sadarwa irin NigComSat-1R da ke kilomita 35,786 sama ba sa shiga inuwa kullum, sai a makonnin da ke kewaye da 21 ga Maris da 23 ga Satumba, inda inuwar kan kai minti 72. Sanyin ya fi tsanani a can, kuma gocewar kashi ɗaya cikin goma na digiri tana matsar da hasken eriya kusan kilomita 62.

10. Gwada magunguna

Koma kan sanda ta farko, ka canza abu ɗaya a kowane gwaji.

Naɗe ta da takardar alminiyam sako-sako, da yankin gidan sauro a tsakani don kada takardar ta taɓa ƙarfen. Saukar ɗigo za ta ragu ƙwarai, ta kuma zo a hankali. Ƙara zagaye na biyu da na uku, kowanne da gidan sauronsa. Ka yi ƙaramin bargon zafi mai hawa-hawa irin wanda ake lulluɓe taurari da shi, wanda ke ƙyalli kamar zinariya a hotuna. Fukafukan da aka sa wa Hubble a 1993 an yi wa sandunansu rigar kariya daga zafi don wannan dalilin. Kuskuren da aka saba yi shi ne matse takardar jikin ƙarfe. Ta taɓa, ta zama fata kawai, zafi ya ratsa.

Gwada bututun alminiyam mai faɗi ɗaya, baƙin fenti ɗaya. Da ƙyar ɗigon zai motsa santimita ɗaya. Abu mai saurin watsa zafi yana kashe bambancin tun kafin ya girma. Ɗaya hanyar ita ce abin da ba ya miƙewa: gaurayen ƙarfen Invar adadinsa kusan 1.2 ne cikin miliyan, zaren kabon kuwa ana iya saƙa shi ya kusa sifili, shi ya sa ake gina fukafukai da shi yanzu.

Gajarta sandar zuwa santimita 75 ka tabbatar saukar baki ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Fiffike gajere mai tauri yana kaɗawa da sauri, adadin mataki na 7 ya yi girma, rawa ta mutu. A Maris na 2002 aka sa wa Hubble fukafukai ƙanana masu tauri, waɗanda ba sa naɗewa.

Sauran maganin a kwamfutar tauraron yake. Na'urar jin juyi tana gane gocewa, ƙafafun juyi na ciki su mayar da jiki. Kafin a sauya fukafukan Hubble, sai da aka gyara manhajar saitinsa don ta rage girgizar. Masu tsara ɗaukar hoto kuma sukan kauce wa mintunan farko bayan ƙetare iyakar inuwa.

Idan silba ta gagara samuwa, baƙin ƙarfe mai siririn bango zai ba ka kamar santimita 2 a mita 5. Matsar da takardar zuwa mita 10 ka samu abin aunawa. Bututun roba na masu aikin famfo yana lanƙwashewa sosai har ba a bukatar leza, sai dai yana da jinkiri, kuma a ranar Afrilu baƙin fenti zai sa ya yi laushi ya ƙi komawa yadda yake. In da shi za ka yi, bar shi da launinsa, ka tsayar da shi a tsaye da hantsi, kada ya wuce minti 3 a rana.